Wane katamaran zan saya wanda zan tuƙa ni kaɗai, kuma in shiga tsere da iyalina a Ubhur?

Injiniya Bashir, Jidda:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, shawararku nake nema a kan wani al'amari da ya yi watanni yana yi mini yawo a rai. Shekara biyu ke nan ina koyon tuƙa ƙaramin jirgin shira'i (wato jirgin da ba shi da inji sai zanen da iska ke turawa) a Ubhur da ke arewacin Jidda, kuma yanzu na gaji da haya, ina so in mallaki nawa. Zuciyata ta karkata ga katamaran, wanda kwami biyu ne dogaye da aka haɗa da sanduna, aka ɗaure shimfiɗa a tsakaninsu domin zama. Damuwata ita ce buƙatu biyu gare ni da ba su cika jituwa ba: akwai ranakun da zan fita ni kaɗai, akwai kuma ranakun da nake son in shiga ƙananan tseren ƙarshen mako tare da ɗana mai shekara 13, wani lokaci ma da uwargida da 'yarmu mai shekara 9. Nauyina kilo 72 ne. An nuna mini jirage biyu na hannu, Hobie 16 da Dart 18, farashinsu bai yi nisa da juna ba. Wanne ya fi dacewa da ni?

Malam Kabiru, Khubar:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni dai ba zan ɓoye ɓangaren da nake ba, domin Hobie 16 nake tuƙawa a nan gaɓar Nisful Ƙamar shekara da shekaru. Tun wajejen 1970 Hobie Alter ya fito da shi a Kalifoniya, bayan ƙaramin Hobie 14 na 1968, kuma an ƙera sama da dubu ɗari, abin da ya sa duk gaɓar da ka je a duniya da wuya ka rasa wanda ya san shi ko yake da tsohon kayan gyaransa a ajiye. Tsawonsa mita 5 da 'yan kai, faɗinsa mita 2.41, nauyinsa kimanin kilo 145. Kwaminsa a lanƙwashe suke kamar ayaba, gefen waje a miƙe, gefen ciki a kumbure, kuma wannan siffar ce take hana shi zamewa gefe ba tare da an zura masa allon ƙasa ba, wato allon da ake saukarwa cikin ruwa a ƙarƙashin jirgi. Ga mutumin da zai tuƙa a Bahar Maliya, inda murjani yake kwance dab da saman ruwa, rashin allon nan alheri ne babba. Ka sayi Hobie, ka huta.

Abu Nasir, Jidda:
Malam Kabiru, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka tsallake tambayar farko. Injiniya ya ce zai riƙa fita shi kaɗai, kuma kilo 72 gare shi. Hobie 16 an tsara shi ne domin mutum biyu, har ƙa'idar tserensa ta gindaya cewa nauyin su biyun kada ya gaza kimanin kilo 129. Shira'insa ya doshi murabba'in mita 20 idan aka haɗa babba da ƙaramin na gaba. Ku da ke gabas kuna da iskarku, mu ma a nan muna da tamu: da safe tana lallaɓawa, da azahar ta wuce sai ta taso daga arewa maso yamma ta yi ta ƙaruwa har la'asar. Mutum ɗaya marar jiki a kan wannan shira'i a irin wannan lokaci, jirgin ne zai tuƙa shi. Dart 18 kuwa, wanda Rodney March ya zana a Ingila a tsakiyar shekarun 1970 (shi ne kuma ya zana Tornado da aka yi tseren Olimfik da shi daga 1976 zuwa 2008), tun asali an amince a yi tsere da shi ta hanya biyu: mutum biyu da shira'i biyu, ko mutum ɗaya da babban shira'i kaɗai. Ya fi Hobie tsawo, mita 5.49, amma ya fi shi sauƙin nauyi da ɗan kaɗan, shira'insa duka kimanin murabba'in mita 16 ne, kuma shi ma ba shi da allon ƙasa. Na tuƙa shi lokacin da nake karatu a Ingila, a ruwan da sanyinsa ke sa haƙora karo, ban taɓa jin ya fi ƙarfina ba.

Malam Kabiru, Khubar:
Ai shi ma Hobie ana iya sauke ƙaramin shira'in a fita da babban kaɗai, Abu Nasir. Na sha yi.

Abu Nasir, Jidda:
Ana iyawa, ranka ya daɗe, amma faɗa masa abin da ke biyo baya. Katamaran dama ba ya son juyawa ta cikin iska, domin ba shi da nauyin da zai ɗauke shi ya ƙarasa juyin, kuma kwami biyu ne suke jan ruwa. Abin da ke ceton Hobie 16 a wannan lokaci shi ne a bar ƙaramin shira'in a ɗaure na ɗan lokaci har iska ta buge shi ta baya ta tura hancin jirgin zuwa sabon ɓangare. Idan ka cire shi, ga kuma 'yan raƙuman ruwa suna dukan hanci, sai jirgin ya tsaya cak yana fuskantar iska, ya fara ja da baya, abokan tsere suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya. Ban ce Dart ba ya yin haka ba, yana yi ga wanda bai iya sassauta igiyar shira'i a kan lokaci ba, amma an daidaita shi domin a tuƙa shi a hakan.

Mu'azzam, Jidda:
Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki. Me ya sa ake ta maganar jiragen da suka girme ni da shekara talatin? Duk wanda ya tsaya a Kornish a ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba na 2023 ya ga jiragen AC40 suna tashi sama da ruwa a kan fikafikai a tseren share fagen Kofin Amurka (babbar gasar jiragen shira'i ta duniya), wanda 'yan New Zealand suka lashe, ya san inda wannan wasa ya dosa. Nacra 17 da ake tseren Olimfik da shi tun Riyo a 2016, namiji ɗaya mace ɗaya, shi ma yanzu a kan fikafikai yake tafiya. Idan tuƙin mutum ɗaya ake so, ga A-Class nan, kilo 75 kacal, Injiniya zai iya jan sa da hannu ɗaya.

Dokta Ummu Hanan, Yanbu:
Mu'azzam ƙanena, A-Class jirgin mutum ɗaya ne tak, ba shi da wurin yaro balle na uwargida, kuma jikinsa na zaren kabon ne wanda karo ɗaya da murjani zai cinye albashin wata. Ka bar Injiniya ya fara da abin da zai iya jawowa kan yashi ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Ni abin da nake son in jawo hankali a kai shi ne kalmar iyali, domin na ga maza sun wuce ta da sauri. Ni da maigidana muna fita da yaranmu uku, kuma abin da na koya shi ne fita shan iska da iyali daban, tsere da iyali daban. Duka jiragen nan biyu ba sa wuce mutum biyu a wajen tsere. Idan ka ɗora mutum huɗu, jirgin zai nutse ƙasa fiye da yadda aka tsara shi, sandar baya ta riƙa dukan ruwa, kuma ba za ka ci komai ba sai gajiya. Saboda haka, Injiniya, ka tsayar da magana tun yanzu cewa abokin tserenka mutum ɗaya ne a kowace fita, yau ɗanka, gobe mahaifiyarsa, ita kuma ƙaramar ta jira ranar da iska ta kwanta. Idan kuwa burinka a fita gaba ɗaya ku huɗu, to ba waɗannan ba ne jiragenka, Hobie Getaway ya kamata ka nema, wanda aka yi da roba mai kauri, yana da wurin zama a gefe, amma ya haura kilo 170 kuma ba za ka so jan sa kai kaɗai a kan yashi da rana tsaka ba.

Wani abu kuma da uwa take gani kafin uba: sandar ƙasan shira'i. Hobie 16 yana da ita, ta alminiyam, kuma duk lokacin da aka juya tana sharo sararin da kan yaro yake. Dart 18 ba shi da ita sam, igiya ce kawai ke riƙe da kusurwar shira'in. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili idan 'yar shekara 9 za ta hau.

Injiniya Bashir, Jidda:
Na gode, Dokta. Gaskiya ban raba abubuwan nan biyu a raina ba sai yanzu. Na tambayi uwargida, ta ce ita tsere bai dame ta ba, sau ɗaya a wata ya ishe ta, muddin akwai rigar ceto da ta yi daidai da jikin yarinyar. Ashe dai ni da yaron ne. Shi nauyinsa kilo 46.

Malam Kabiru, Khubar:
To ka ga 72 da 46 sun tashi 118. Dole in yarda cewa kun gaza ƙa'idar Hobie 16, sai dai ku ɗaura ƙarin nauyi a jirgin idan tseren na bin doka ne sosai. Amma yaro ɗan shekara 13 ba a tsaye yake ba, nan da shekara biyu zai cike giɓin, kuma a lokacin zai so igiyar ratayo tasa, wato igiyar da mutum ke ratayawa da ita a wajen jirgi domin nauyinsa ya hana jirgin kifewa. Hobie yana da biyu, ta matuƙi da ta mataimaki, Dart yana da guda ɗaya. Ranar da ku biyun kuka ratayo a waje, kwami ɗaya ya ɗaga sama, za ka tuna da maganata.

Baba Alhaji Sani, Makka:
Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ni ban san waɗannan sunaye da kuke kira ba, amma na san tekun. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru yana aikin gona a Sudan yana tara guzuri, sannan ya tsallako daga Suwakin zuwa Jidda a jirgin sambuk, wanda shi ma iska ce ke tura shi. Har ya bar duniya bai daina ba da labarin daren da iska ta juya musu ba. Su sun hau ne domin babu wata hanya, ku kuma kuna hawa domin nishaɗi, kuma ban ga laifin hakan ba. Tambaya ɗaya ce gare ni, Bashir: idan wannan abu ya kife da kai a inda babu kowa, za ka iya tayar da shi kai kaɗai? Na karanta duk bayananku ban ga wanda ya amsa wannan ba.

Abu Nasir, Jidda:
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ka taɓo inda ya kamata mu fara. Kowane ƙaramin katamaran yana kifewa, ba a maganar ko zai kife, sai dai yaushe. Idan ya faɗi a gefe, kwami ɗaya yana ruwa ɗaya yana sama, matuƙi yakan hau na ƙasan, ya saki igiyoyin shira'i, ya juya hancin ya fuskanci iska, ya jefa igiya ta kan kwamin sama, sannan ya jingina baya da dukan nauyinsa har jigon, wato doguwar sandar da ke riƙe da shira'i, ya fito daga ruwa. Nauyin mutum ne ke yin yawancin wannan aiki. Jigon Hobie 16 ya kai mita 8, kuma mai kilo 72 ba zai ɗaga shi shi kaɗai ba sai da dabara, wato buhun da ake cika da ruwa a rataya a kafaɗa domin ƙarin nauyi, ko sanda ta musamman. Ko a Dart 18 ba zan yi wa Injiniya alkawari ba, domin kilo 72 a bakin iyaka yake, musamman idan iskar ba ta da ƙarfin da za ta shiga ƙarƙashin shira'in ta taimaka. Abin da ya fi muni shi ne jigon ya sha ruwa ya nutse, jirgin ya kife gaba ɗaya, shimfiɗa a ƙasa kwami a sama. Don haka a toshe duk wata kafa a jikin jigon, a kuma ɗaura masa abin yin iyo a can ƙololuwa, ko da 'yan tsere za su yi dariya.

Akwai kuma halin Hobie 16 da Malam Kabiru ya san shi fiye da ni: hancinsa siriri ne, ba shi da cikin da zai riƙe shi a sama, saboda haka idan ana gudu iska na bugowa daga gefe, hancin kwamin da ke ƙasan iska yakan cusa kai cikin ruwa, jirgin ya tsaya nan take, bayansa ya tashi, mutanen da ke rataye su wulwula gaba.

Malam Kabiru, Khubar:
Na san shi ƙwarai, har tabo gare ni a ƙwauri. Maganinsa a koma can baya a zauna, a karkatar da jigon baya, a kuma sa ido a kan hancin ba a kan abokan tsere ba. Ban musa ba cewa yana buƙatar hannun da ya saba.

Usman Mai Wurno, Bur Sudan:
Gaisuwa ga Baba da sauran 'yan uwa daga wannan tsallaken. Ni a Kogin Nilu na koyi shira'i, a Khartum, a kulob ɗin da tsohon jirgin yaƙin Kitchener mai suna Malik yake ajiye, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya maido mu Bur Sudan. Tekunmu da naku ɗaya ne, iskar arewa ɗaya, gishiri ɗaya, murjani ɗaya. Abin da zama a nan ya koya mini shi ne jirgin da ya fi kyau shi ne wanda za ka iya gyara shi a garin da kake. Ruwan Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, rana kuma ba ta sassauci, saboda haka abin da zai fara mutuwa ba kwamin ba ne, zaren ɗinkin shimfiɗa ne, da wayoyin da ke riƙe da jigo, da wuraren da ƙusar ƙarfe ta haɗu da alminiyam, inda za ka ga wani farin gari yana fitowa. Kwamin fiba kuwa duk mai gyaran jiragen masunta zai iya liƙe maka shi, saɓanin na roba wanda ba ya karɓar liƙi yadda ya kamata, kuma yana iya lotsawa idan ya daɗe a kan tirela cikin zafi.

A nan ne nake jin tsoron Dart. Yawancinsu a Ingila da wasu ƙasashen Turai da Afirka ta Kudu suke. Idan kan daffa, wato allon baya da ake juya jirgi da shi, ya karye, daga ina za a kawo, kuma mako nawa za a jira? Injiniya, kafin ka dubi jirgin, ka zagaya inda ake ajiye jirage a Ubhur ka ƙirga: Hobie nawa, Dart nawa. Wanda ya fi yawa shi ne wanda za ka sami aron kayansa ranar tsere, shi ne kuma wanda za ka iya sayarwa ranar da ka gaji da shi.

Injiniya Bashir, Jidda:
Yaya Usman, Allah ya kawo muku zaman lafiya. Na riga na lura cewa a wurin da nake fita Hobie sun fi yawa, Dart ɗin nan shi kaɗai ne, wani baƙo ne ya zo da shi kuma aikinsa ya ƙare zai koma gida. Idan na saye shi, da wa zan yi tsere?

Abu Nasir, Jidda:
Da kowa. A ƙananan tsere inda jirage suka bambanta, ba wanda ya riga isowa ne ke ci ba, ana rubuta lokacin kowane jirgi a daidaita shi da lambar da aka ba irinsa. Ga katamaran akwai tsarin SCHRS, wanda yake auna tsawo da nauyi da girman shira'i da adadin mutane ya fitar da lamba, sai a raba lokacin da ka yi da ita. Lambar Hobie 16 da ta Dart 18 ba su yi nisa da juna ba, saboda haka ko a kan ruwa za ku riƙa tafiya kusa da kusa. Sai dai ba zan yi maka ƙarya ba, tsere da jirage iri ɗaya ya fi koyarwa, domin idan aka wuce ka ka san hannunka ne, ba ka da lissafin da za ka fake da shi. Wannan maki na Malam Kabiru ne, na ba shi.

Dokta Ummu Hanan, Yanbu:
Tunda an zo maganar dubawa, ga abin da muka yi asara a kai, kada ka maimaita. Mun taɓa sayen tsohon jirgi daga wani mutum da ya wanke shi tas ya goge, muka ruɗu da ƙyalli, sai bayan wata ɗaya muka gane saman kwamin ya yi laushi a gaban sandar gaba. Fiba ce ta rabu da soson da ke tsakiyarta, kuma wannan sananniyar cuta ce a tsofaffin Hobie 16. Ka danna tafin hannunka da ƙarfi a duk tsawon saman kwamin, idan ya lotsa ko ya yi ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ka rage kuɗi sosai ko ka hakura. Ka ɗaga hancin kwami ɗaya ka ga ko ɗayan yana biyo shi nan take, domin idan jirgin yana murɗewa, haɗin sandunan ya saki. Ka buɗe matosan baya ka ga ruwan da zai fito. Ka duba ƙasan kwamin, inda jan yashi ke cinyewa. Kuma ranar da za ku ɗaga jigo a gaɓa, ka dubi sama tukuna, domin jigon alminiyam da wayar lantarki sun kashe mutane a ƙasashe da dama, har ta kai kamfanin Hobie ya koma yin ƙololuwar jigonsa da abin da ba ya ɗaukar wuta.

Baba Alhaji Sani, Makka:
Kuma kada a manta da hukuma. Teku a ƙasar nan yana hannun Harasul Hudud, wato jami'an tsaron iyaka, a tambaye su abin da ake buƙata na rajista da izinin fita kafin a biya kuɗi, a kuma sanar da wani a gida lokacin fita da lokacin dawowa. Ku dawo kafin magariba.

Injiniya Bashir, Jidda:
In sha Allahu, Baba. Ga abin da na tsayar. Na yi magana da masu jiragen biyu, kowannensu ya yarda in gwada ranar Asabar, ɗaya da safe ɗaya bayan azahar. Na gaya musu a fili cewa zan kifar da jirgin da gangan a wuri mai zurfi inda jigon ba zai taɓa ƙasa ba, da jirgin inji a kusa, in gwada tayar da shi ni kaɗai, sannan in sake gwadawa da yaron. Mai Hobie ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Wanda na iya tayarwa shi zan ci gaba da cinikinsa, idan kuma duka biyun suka gagare ni, zan dawo nan mu yi maganar ƙananan katamaran irin su Hobie 14 ko Sprint 15.

Malam Kabiru, Khubar:
Gwajin ba zai yi adalci ba idan ɗaya ya sami iskar safe ɗaya ya sami ta la'asar, domin iska mai ƙarfi tana taimaka wa mai tayarwa. Ka sa su duka biyun a ruwa a lokaci ɗaya, bayan azahar. Buhun ruwan da nake amfani da shi yana nan, akwai wani ɗan uwa da zai taso Jidda ranar Alhamis, zan ba shi ya kawo maka.

Abu Nasir, Jidda:
Ni zan zo da jirgin injin. Ka taho da igiya mai kauri ta mita 5, ka ƙulla mata ƙulli a kowane taku ɗaya domin hannu ya sami wurin kamawa, kuma ka sa wa yaron takalmin ruwa saboda murjani.